Lallen Asiya

Ni 'yar Bilbis ce ta ƙasar Tsafe, aure ne ya kawo ni Kekun Waje ta ƙasar Bungudu. Na tashi ina ganin yayana Hamza yana jan gindi daga ɗaki zuwa zaure da silifas a tafin hannu, saboda haka ba wanda zai ba ni labarin shan inna. Duk ranar da na ji yara suna cewa ga masu rigakafi nan, sai in ajiye abin da nake yi, in wanke wa 'yata Husna fuska, in ce ta bi 'yan'uwanta zaure.

A zaure ake yi, don surukina, wanda muke ce wa Baba, ya kafa doka, baƙo ba ya ƙetare masa zaure ko da mace ce. Sunansa Tambaya, amma ba matar gidan da ke furta wannan kalma, ko a maganar yau da kullum. Sai dai mu ce "neman sani". Kara ke nan, kuma a gidan nan da kara ake tashi, da ita ake kwana. Mijina yana awon hatsi a Gusau, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Mai ɗiga wa yara maganin kuwa Asiya ce, 'yar aminin Baba, wadda ta tashi a hannunsa.

Na san Baba ba ya son abin. Na sha jin sa yana cewa wanda bai ba ka maganin zazzaɓi kyauta ba, don me zai riƙa bin ka har gida da wannan. Amma yara na fita su dawo da tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu, alamar an ɗiga musu, ni kuma in yi hamdala. Har nakan ce a raina tsohon nan baki ne kawai gare shi.

Bayan damina Husna ta yi zazzaɓi, ya sauka, muka ce an wuce wurin. Wata safiya ta yunƙura za ta tashi ta zube. Na ɗaga ƙafarta ta dama na saki, ta faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Kafin hantsi ɗakina ya cika da mata, wannan da turaren hayaƙi, waccan da rubutu, kowa na girgiza kai tana cewa Inna ce ta sha ta. Na ce musu ba zai yiwu ba, yarinyar da ko sau ɗaya ba ta taɓa tsallake rigakafi ba. Iya, matar Baba, ta ce in bar musu da abin da ya fi ƙarfina.

Ubanta ya zo muka kai ta asibiti a Gusau. Likita ya ƙwanƙwasa mata gwiwa da 'yar guduma, ƙafa ko motsi. Da ya nemi sanin ko tana samun rigakafi, har rantsuwa na yi masa. Ya ce mu koma, akwai waɗanda za su biyo mu gida. Duk tsawon hanyar ba Husna kaɗai nake tunani ba. Ina goye da ƙaninta Kamilu, wanda ya fara rarrafe a tsakar gidan da ta yi wasa, komai ya tsinta sai ya kai baki.

Wadda ta zo sunanta Malama Bara'atu, da 'yar kula mai ƙanƙara a kafaɗa. Da yake ɗan aiken maigari ne ya rako ta, dole Baba ya bar ta ta shigo, amma ya biyo ta har tsakar gida. Ta yi bayani ba ɓoye-ɓoye: bincike suke yi, suna karɓar kashin yaron da ƙafarsa ta saki da na yaran da yake wasa da su, a sa a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji mai nisa, don a gane ko ƙwayar cutar ce, kuma ko tana yawo a tsakanin yara.

Baba ya tsartar da yawu ya ce, "Yanzu Malama, duk bokon ga naki, kashi ki ka biɗa gida-gida?"

"Shi na, Baba," in ji ta. "Shi ba ya ƙarya."

Mata suka toshe hanci da bakin mayafi suna ƙunshe dariya. Ni ma ba zan ce ban ji ƙyama ba da na ga ta durƙusa gaban fo tana ɗiba da ɗan cokali, tana zubawa a 'yar roba. Ko yatsine fuska ba ta yi ba. Ta rufe, ta jera a kula, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ta zauna a tabarma kusa da Husna tana jan ta da wasa.

"'Yar Inna, gwada mani yadda a ka yi in masu rigakahi sunka zo."

Husna ta miƙa ƙaramin yatsanta tana murmushi.

"To, baki hwa? Buɗe in gani."

"Ba a sa komi ga baki," in ji Husna. "Lalle ɗai Anti Asiya ka yi muna."

Sauran yaran gidan da ke tsaye suna kallo suka ɗauka wasa ne, suka matso, kowa ya miƙo ɗan yatsa. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har da na goye a bayan yayyensu. Ba wanda ya buɗe baki. Malama Bara'atu ta dube ni, ta ja zif ɗin jakarta. Baba kuwa ya tuna yana da aiki a gona.

A lokacin ne na zaga bayan ɗaki na yi amai. Ba fo ne ya sa ni ba.

Washegari sai ga Asiya ta zo dubiya da ledar biskit, fes da ita cikin farin hijabi, tana ƙamshin turare. Na bar ta ta gama gaisuwarta tsaf, sannan na ɗaga hannun Husna na nuna mata farcen. Ta sunkuyar da kai ta fara murza bakin hijabi.

"Yaya Saude, ki yi haƙuri. Baba yac ce kar in ɗiga ma kowa a gidanai. In kau ban shahwa tawada ba, a turo wasu su tada mai hankali, a kai shi gun maigari. Mutumin da yar riƙe ni, ƙaƙa za ni yi da shi? Kara ta niy yi mai."

"Maganin hwa, ina ki ka kai shi?"

Ta ce, "Ga kwata ni ka zubawa, don kwalba ta koma ba komi."

Kwatar ƙofar gidanmu ke nan, wadda agwagi ke wanka a ciki. Shekara da shekaru ita ake yi wa rigakafi, na tabbata duk Bungudu ba kwatar da ta kai ta lafiya. Na ɗauki biskit ɗin na saka mata a cinya, na ce ta tashi ta ba ni wuri. Abin da ya fi ƙona mini rai, a tsakar gida Iya ta tare ta tana ba ta haƙuri, wai Saude ba ta da kawaici.

Da sakamako ya fito, uban Husna aka kira a waya. Shan inna ne, kuma an ga ƙwayar a kashin wasu yaran gidan da ke gudu da ƙafafunsu lafiya lau. Ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Na ce to ya je ya yi wa Baba magana, tunda an ce za a dawo a ɗiga wa duk yaran unguwa. Ya ce ai ba a yi wa babba haka, a bi shi a hankali. Na dubi mutumin nan da na haifa wa 'ya'ya, na ji kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi. Da asuba ya koma wajen mudunsa.

Ranar da masu rigakafi suka dawo ina tankaɗe na ji sallamarsu. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka zaure Baba na ciki ba. Na karkaɗe hannu, na saɓi Kamilu, na fita ko mayafin kirki ban tsaya nema ba. Baba na zaune a buzunsa, Asiya na rakuɓe a bakin ƙofa da alƙalamin tawada, Malama Bara'atu na tsaye a bayanta.

"Saude, mi yah hito da ke?"

Na durƙusa kamar yadda aka koya mini. "Baba, na zaka in ga bakin ɗana da idona."

Ban jira amsa ba. Na kwantar da yaron a cinyata, na matse masa kumatu har bakin ya buɗe. Malama Bara'atu ta karɓi kwalbar daga hannun Asiya ta ɗiga da kanta. Ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya fasa kuka, ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Asiya ta miƙo alƙalami, na janye hannunsa na miƙa wa Malama. Baba ya ɗauki butarsa ya fita, ko kallona bai yi ba. Cikin matan gidan ɗaya ce kawai ta turo nata yaran, sauran suka tura nasu ɗaka suka saki labule.

Na koma ciki na tarar da Husna ta jawo jiki har bakin ƙofar ɗaki, ƙafar na biye da ita a ƙasa, gwiwarta duk ƙura. Iya da matan gida suna daka a gindin bishiya, kowa ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na zauna na ɗora ta a cinya. Tawadar ƙarshe da aka shafa mata ta biyo farce ta kawo baki, saura ɗan siririn layi. Na ɗauko reza na fara yanke shi.

"Inna."

"Na'am."

"Wai ke kinka sha mani ƙahwa? Su Iya sun ce Inna tas sha ta."

Sai da na ajiye rezar don kada in yanke ta. "Ba ni ta ba, Husna."

"To wa?"

Na ji harshena ya yi nauyi, irin nauyin da aka ɗora masa tun ranar da aka kawo ni. Na dubi ƙafar, na dubi ɗan farcen a tafin hannuna, na ɗaga murya yadda za a ji har gindin bishiya.

"Tambaya," na ce. "Shi da Asiya."

Taɓarya ta tsaya a turmi.