Hannun Hagun Baba

Shekara arba'in Baba yana aski, kuma dokarsa ɗaya ce. Kowace safiya, kafin ya buɗe shago, sai ya wasa aska ya gwada ta a gashin hannunsa na hagu. In ta share sumul, ya buɗe. In jini ya fito, to ranar babu wuyan da zai taɓa. Tun ina yarinya na san hannun nan kamar tafin ƙafar jariri, ba gashi ko ɗaya.

Da ciwon karkarwa ya kama shi, wanda likita ya kira Fakinsan, masu zuwa aski suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba, wuya ai ba shi da safaya. Mutum ɗaya ya rage, wani tsohon hedimasta mai gardamar tsiya, abokin Baba tun suna samari. Duk Asabar ƙarfe goma yake zuwa, domin Baba na shan magani ƙarfe tara, kuma maganin kan ba shi kamar awa ɗaya da rabi hannunsa na tsaye cak. Bayan nan sai jiri, tashin zuciya, da wani barci mai faɗowa ba sallama.

Ni ce babbar 'yarsa, ni ke riƙe da magani, ni ke masifa. Na ce masa, "Baba, ran da jini ya fito a hannun nan, askar ta zama tawa."

Ya ce, "Na ji, Uwata. Ke da likita kun haɗa min kai."

Likitan ya ce lallai ya riƙa tafiyar minti ashirin kullum, in ba haka ba jiki zai sandare. Na ɗauki maganar kamar wadda aka ba wa aikin soja. Daga ƙofar gida zuwa famfon kan kwana, mu zagayo ta bayan garejin kanikawa, mu dawo. In muka dawo sai ya zube a kujera kamar buhun da aka sauke. Gajiyar nan ba irin wadda barci ke magani ba ce. Ya taɓa ce min ji yake kamar an tsiyaye shi, ko ɗaga kofi sai ya yi shawara da hannunsa.

A 'yan makonnin nan ya tsiro da sa riga mai dogon hannu, ga zafi kamar me. Ni ke masa guga, har na riƙa tsokanarsa wai gayu ya zo da tsufa. Ya yi dariya, na yi dariya. Wawta ce kawai irin tawa.

Ranar wata Asabar ya roƙe ni. "Uwata, yau a bar tafiyar nan. Hedimasta na zuwa, ƙafafuna ba nawa ba ne."

Na ce, "Jiya ma haka ka ce. Tashi."

Ya tashi. A hanyar dawowa sau uku yana tsayawa ya dafa bango, ƙafarsa ta manne da ƙasa, ni kuwa ina gaba ina ƙirga masa ɗaya, biyu. Da muka iso na ba shi ƙwayarsa na shiga wanki. Sai daga baya na ga takardar maganin, gurbi biyu babu komai. Ya ƙara ɗaya a bayan idona, wai don ta biya masa ƙarfin da tafiya ta cinye.

Goma da kwata na kai musu ruwan zafi shago. Tun daga ƙofa na ji shirun bai yi min ba, don mutanen nan biyu ba sa minti ɗaya ba su yi musu ba. Hedimasta na kwance a kujera, tawul a ƙirji, kumfa ta fara bushewa a kumatunsa. Baba na tsaye a kansa, ya jingina da kujerar, haɓarsa a ƙirji, ido a rufe. Barci yake. Askar na kwance a ƙasan muƙamuƙin Hedimasta, kuma hannun ya fara ɗan murɗawar nan da yake yi in magani ya yi yawa.

Hedimasta ya dube ni ta madubi. Ko yawu bai haɗiya ba.

Ban san yadda na ajiye butar ba. Na lallaɓa na kama wuyan hannun Baba da hannu biyu na ɗaga shi sama. Wani siririn jan layi ya biyo bayan askar, ya gangara cikin kumfa.

Baba ya buɗe ido ya ce, "Saura gefen hagu."

Hedimasta ya danna tawul a wurin. "Ƙurji ne, 'yata, tun jiya yake nan. Kai kuma tsoho, ƙarasa min, ina da wurin zuwa."

Raina ya ɓaci, tsoro ya koma fushi. Na kamo hannun rigar Baba na hagu na naɗe shi har gwiwar hannu. Yanka ne jere, wasu sun bushe, wasu sun yi ɓawo, na yau ko daskarewa bai gama ba. Na ƙirga bakwai na daina.

"Tun yaushe, Baba?"

Hedimasta ne ya ce, "Wata biyu. Ina gani in ya miƙa hannu ɗaukar sabulu."

"Kana gani, kake kawo masa wuyanka?"

"In ban zo ba, don me zai tashi ran Asabar?"

Na so in zagi wani, amma duk wanda na duba sai in ga ni ce na ja Baba har famfo da safen nan. Na miƙa hannu. Baba ya dubi askar, ya goge ta a tawul gaba da baya yadda ya saba, ya ninke, ya sa min a tafi. Bai yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo. Hedimasta ya fita da rabin gemu.

Har yanzu yana zuwa duk Asabar, su zauna a benci, amma musun ya mutu. Da safe in na ce Baba mu je tafiya, sai ya ce, "Mu je ina, Uwata?" Wani lokaci nakan ci nasara, sau da yawa ba na ci.

Jiya ina shafa masa mai na ga hannun hagun. Yankan duk sun warke. Gashi ya fito ya rufe wurin, fari fat, karon farko tun da aka haife ni. Ya bi shi da yatsa a hankali, ya ce, "Ya isa aski."

Na ja masa hannun rigar na rufe.