Haƙorin Injin Kalgo

Babu ƙarfen da Allah ya halitta wanda Atiku maƙerin Gwandu bai san halinsa ba. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa jin ƙarfe ya musa ba.

Saboda haka, da haƙorin injin fasa dutse ya lanƙwashe a wurin aikin hanyar Kalgo, Lawali mai kula da injin ya roƙi Baturen aiki ya bar shi ya kai wa Atiku, uban matarsa. Bature ya yarda, da sharaɗi: ƙarfen zubi ne mai haɗin manganis, a gasa shi sai ya yi haske, a miƙe shi, a tsoma a ruwa nan take. In ya lalace, Lawali ya nemi wani aikin.

Lawali ya tsuguna nesa da maƙera, kai a ƙasa, ya isar da saƙo.

"Ruwa?" Atiku ya dubi masu zuga, suka yi dariyar da aka saba. "Kun ji Nasara zai koya wa kaza tono! Yaro, ƙarfe basarake ne, ba a yi masa gaggawa. Ruwa tsaga shi yake yi. Toka ce shimfiɗarsa."

"Baba, wai shi wannan..."

"Wai me?"

"Babu komai, Baba."

Da ƙarfen gatari ne, da Atiku ya yi gaskiya. Amma wannan, in ya huce a hankali, sinadarin gawayin da ke narke a jikinsa yakan sami sukunin taruwa tsakanin ƙwayoyinsa, sai ya zama ginin da aka ɗinke tubalansa da toka. Ruwa ke hana shi wannan sukunin. Lawali ya san haka. Ya kuma san ɗan mutunci ba ya gyara wa surukinsa magana.

Haƙori ya kwana a toka, ya fito a miƙe sambal. A kan dutsen farko ya tarwatse kamar tulu.

"An sa shi a ruwa?" in ji Bature.

"Na manta ban faɗa ba," in ji Lawali.

Ya tuɓe kakin aiki ya ninke, ya ajiye.

Da labari ya isa Gwandu, Atiku ya ce dama duwatsun Kalgo da iskoki a cikinsu. Kuma tun da yaron zai koma gona, ya ƙera masa fartanya kyauta.

Lawali ya je, ya tsuguna nesa, ya yi godiya.