Ranar da Kek Ɗin Inna Ya Ƙone

Mai ɗinki ta sake buga ƙofar, wannan karon da hannu bibbiyu.

"Inna! Inna, kek ɗinki na ƙonewa!"

Shiru. Hayaƙi ne kawai ke sulalowa ta ƙasan ƙofa, da ƙaurin ƙonannen suga. Shekara tara suna zaune ƙofa da ƙofa da tsohuwar da kowa ke kira Inna Mai Kek, ko gefen kek ba ta taɓa jin ya ƙone mata ba. Inna ba ta duba agogo. Hancinta ke gaya mata ya gasu. Shi ya sa mai ɗinki ta san ba lafiya ba.

Ta fita a guje ba takalmi, ta ƙwala wa kafintan bakin titi kira. Ya taho da guduma.

"Da gas take gashi?"

"Da gas."

"To ja da baya. Kada ki kunna komai."

Yana dukan ƙofar, ita kuwa safiyar nan take tunawa. Inna ta leƙo neman ƙwai biyu, tana ta dariya. Jikarta ce za ta zo da yamma, wadda ta ƙi yarda cewa a kofi ake gasa ƙananan kek tun asali.

"Wai ita a takarda mai ninki ta san shi," in ji Inna. "Na ce kafin a ƙera tire mai ramuka, a kofin shayi ake gasa shi, awon ma da kofi. Yau zan fito da kofunan mahaifiyata, ta gani da idonta."

Sakata ta saki a bugu na huɗu.

A ƙasan kicin suka tarar da ita, ta jingina da ƙafar tebur, kwanon fulawa ya kife a cinyarta. Kafinta ya kashe gas, ya banke taga, ya jawo tire da tsumma. Kofuna shida, kowanne da baƙin dunƙule a ciki.

"Bari in nemo mota," ya ce, ya fice.

Mai ɗinki ta durƙusa. Bakin Inna ya karkace gefe guda, ido ɗaya ya rufe rabi.

"Ya... ƙone?"

"A'a, Inna. Sama-sama ne kawai."

"Ƙarya," tsohuwar ta ce da ƙyar. "Hancina... lafiyarsa ƙalau."

Mai ɗinki ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Inna ta laluba da hannun da ke motsi, ta damƙe mata hannun riga.

"Ba na jin ƙafata, 'yar nan. Tsoro nake ji. Kada ki tashi."

"Ina nan, Inna. Ba inda za ni."

Sai wayar Inna ta hau ƙara a can ƙarshen tebur. Tabbas 'yarta ce, uwar jikar, za ta ce sun kamo hanya. Mai ɗinki ta miƙa ɗaya hannun, bai kai ba. In za ta ɗauka sai ta ɓanɓare yatsun nan, su kuwa ƙara matsewa suke yi. Ta bar wayar ta yi ta kuka har ta gaji.

Daga nan numfashin ya fara yin nisa da juna. Inna ta ja ɗaya, ta tsaya. Mai ɗinki ta riƙe nata, tana jira, kunnenta na kan titi ko za ta ji tsayuwar mota. Wani numfashin ya zo, mai ƙara. Ta jira na gaba. Ta jira.

"Inna?"

Ta jijjiga ta a hankali, sannan da ƙarfi.

Lokacin da kafinta ya shigo da direba, kallo ɗaya ya yi musu, ya sunkuyar da kai. Shi ne ya durƙusa ya zare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Bayan dangi sun cika gidan, mai ɗinki ta koma ɗakinta ta zauna gaban keken ɗinkinta. Yadin da ta bari yana nan ƙarƙashin allura. Ta kai hannu za ta gyara shi, sai ta ga shatin yatsu huɗu na fulawa a baƙin hannun rigarta. Ta mayar da hannun cinyarta a hankali, don kada ya kakkaɓe.