Kukan Damisa

Tun daga unguwar Port Richmond har unguwar Flatbush, a bas, a jirgin ruwa, a jirgin ƙasa, hannun Mutaru bai bar ƙirjinsa na hagu ba, kamar mai tsoron 'yan yankan aljihu. A wurin ne, ƙasa da ƙashin wuya kaɗan, likitoci suka dasa masa batirin zuciya wata huɗu da suka wuce. Likitar da ta sallame shi ta ja masa kunne da kyau: kada ya kuskura ya manna ƙirjinsa da babbar sifika, domin maganaɗisun cikinta yana iya rikita batirin. Ya ce to. Bai gaya mata cewa manna ƙirji da sifika shi ne abin da ya fi iyawa a duniya ba.

Su huɗu ne a zangon Kumasi shekara arba'in baya: Mutaru da jita, Fataw da murya, Sumani da ganguna, Hakeem da jita mai kaurin amo. Lokacin kowa na rawar hailaif, su kuwa suka nace da kiɗan rok mai tsauri, har tsofaffin unguwa suka sa musu suna 'yan fasa kunne. Waƙarsu ɗaya ce ta yi tashe, "Damisa ta Shigo Kasuwa". A ƙarshenta Fataw yakan cafko wuyan rigar Mutaru, ya ja shi har gaban sifika, su biyu su jingina da ita, jitar ta kama wani irin kuka mai tayar da tsikar jiki. Wannan shi ne kukan damisar. Babu shi, babu waƙar.

Bara Hakeem ya rasu. Kafin ya cika ya roƙe su abu guda, su sake ɗaukar waƙar, domin kaset ɗin da ya rage musu danshi ya cinye shi. Yaya za a yi Mutaru, mutumin da ake wa kirari da Ƙarfe, ya buɗe baki ya ce yanzu da batiri yake tafiya, kamar rediyo? Matarsa Adjara kaɗai ta sani, ita ma sai da ya sa ta rantse.

Situdiyon ɗaukar waƙar wani ɗaki ne a ƙasan shagon aski. Da shigarsa, da azahar, idonsa ya sauka kan sifikar. Baƙa ce, ta kai masa kafaɗa.

"Chale, abokina, ka ga na nemo maka babba," in ji Sumani daga bayan ganguna, yana dariya da haƙoran da suka rage masa. "Irin ta gida sak, exactly."

"Ka kyauta," in ji Mutaru.

Fataw ya rataya jitar marigayi. Shi da bakinsa ba ya rufuwa, yau ko gaisuwar kirki bai yi ba. Mutaru ya ɗauka tunanin Hakeem ne.

Mai situdiyon ta ɗaga yatsa ta bayan gilashi. Sumani ya buga sanduna sau huɗu, ɗakin ya ɗauki rugugi. Yatsun Mutaru ba su manta komai ba, su ke aikinsu, shi kuwa ƙirga taku yake. Uku ne tsakaninsa da sifikar. Baiti na farko ya wuce. A na biyu gumi ya jiƙa masa baya sharkaf. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka tura shi ɗakin tiyata. A zuci ya ga Adjara tana ɗaukar waya, ana gaya mata labarinsa. Ya ga kansa kwance a kan wannan kafet mai warin taba, mutanen shagon aski suna leƙowa. Amma ya riga ya yanke: idan hannun Fataw ya zo, zai bi shi.

Wurin kukan damisar ya zo. Ya runtse ido, ya ɗan sunkuyar da wuya yana jira.

Hannun bai zo ba.

Sumani ya zagaya kiɗan sau ɗaya, sau biyu, sannan ya jefar da sanduna. "Me ke damunku, ku biyun nan? Ina damisa? Fataw, ka ja shi mana!"

Mutaru ya buɗe ido. Fataw yana can manne da bango, iyakar nisan da wayar jita ta bar shi ya je.

"Ba ni iyawa," in ji Fataw a hankali. Ya ɓalle maɓalli biyu, ya ja rigar gefe. Tabon yana nan a hagu, da ɗan tudun nan na batiri ƙarƙashin fata. "Shekara biyu ke nan. Doctor ya ce speaker... Mutaru, ka yafe ni, ka je kai kaɗai."

Mutaru ya daɗe yana kallon tabon. Sannan ya ɓalle nasa maɓallin.

Sumani ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Innalillahi. To da za ka je fa, Ƙarfe? Da a gabana za ka faɗi?"

Sumani ne ya kawo dabara. Suka sake ɗauka daga farko. Da aka zo wurin, Mutaru ya cire jitar ya miƙa wa Sumani, Sumani ya jingina ta da sifikar, ya murɗa ƙara har ƙarshe, su ukun suka ja baya zuwa bakin ƙofa.

Jitar ta fara da ɗan gurnani, sannan ta tsage da kuka. Shi ne, sak, har da 'yar karkarwar nan ta ƙarshe da mutanen Kumasi suke rantsuwa cewa daga ƙirjin Mutaru take fitowa. Ta bayan gilashi mai situdiyon ta ɗaga babban yatsa.

Mutaru ya tsaya, hannunsa a kan batirinsa, yana saurare. Shekara arba'in yana zaton shi ke sa ta kuka.