Ƙwarangwal ɗin Shafin Kawu

Tun tana ƙarama ake kiranta Zane-zane a gida, saboda babu bangon da ya tsira daga fensirinta. Da ta girma sai abin ya zama sana'a: ita ke tsara kamannin shafukan intanet, abokin aikinta Dogo kuma ya gina su. Ɗakin aikinsu yana saman shagon wani tela, tebur biyu ne da fanka mai kuka.

A wannan karon aikin na kawunta ne, mai sayar da dashen itatuwa da furanni. So yake mutum ya zaɓi shuka daga gida a kai masa. Kafin a gina shafi sai an zana ƙwarangwal ɗinsa, a ga inda kowane abu zai zauna, kuma a nan ne ita da Dogo suka saɓa. Shi ya ƙwallafa rai a kan wata sabuwar manhaja mai fitar da samfuri kamar na gaske, da launi da hotuna masu motsi. Ita kuwa ta fi son tsohuwar da ta saba da ita, mai zana akwatuna baƙi da fari kamar aikin hannu. Ya ce tata ta zamanin kakanni ce, ta ce tasa tana sa kwamfutarta haki kamar mai hawan tudu. Daga ƙarshe dai ta bar masa.

Da Dogo ya haɗa samfurin farko, Kawu ya zo da ƙasa a takalminsa, ya gyara tabarau, ya ƙura wa allon kwamfuta ido. Sai ya ce koren da ke kan maɓallin nan bai yi kama da ganyen kowace shuka da ya sani ba. Aka canja, ya ce ya yi duhu. Aka sake, ya ce kamar ganyen da ƙishi ya kama. Haka zaman ya ƙare, ba a taɓa zancen yadda za a yi saye ba.

Washegari ta zana akwatunanta, ta ja Dogo suka tarar da Kawu yana ban ruwa a lambunsa, ta nuna masa su a kwamfutarta.

"Wannan ne aikin?" ya tambaya, yana yamutsa fuska. "Ina furannina?"

"Suna nan tafe, Kawu. Yanzu dai in kai ne mai saye, ina za ka fara taɓawa?"

Da yake babu launin da zai kama, sai ya zauna a kan bokiti ya yi tunani. Ya ce masu zuwa wurinsa ba sa tambayar sunan shuka, sai dai ko tana jure rana, ko za ta rayu a inuwar baranda. Nan take ta jawo akwatin "rana ko inuwa" zuwa sama. Dogo ya sosa ƙeya, ya ce to a fara da tata, tasa ta biyo baya idan tsari ya zauna. Ta ce ai dama ba ƙinta take yi ba.

Hakan aka yi. Da samfurin Dogo ya kammala, matar Kawu aka ba waya ta gwada. Ba ta tambayi kowa ba, ta danna nan ta danna can, har ta yi odar dashen lemo daga lambun mijinta. Kawu ya ce sai ta bi layi kamar kowa. Zane-zane ta jingina da kujera tana dariya, Dogo kuwa tuni ya fara tambayar yaushe za a ɗauki hotunan furannin.