Ƙararrawar da Ta Kori Telolina

Ni gyaran keken ɗinki nake yi, kuma a gida nake yi. Ɗakin da ke kusa da ƙofa shi ne shagona: teburi, fitila, gwangwanayen noti da allura, sai kawunan kekuna jere a ƙasa suna jiran layi. Tun ina saurayi doka ɗaya na kafa wa teloli, ba na ba da lambar waya. Tela zai kira ka ya ɓata maka rabin yini yana cewa kekensa na tsinka zare, ka je ka tarar shi ne ya sa allura a juye. Duk mai so ya ɗauko kan kekensa ya zo ƙofata ya ja igiya. Igiyar ni na ɗaura ta, ta bi ta saman bango ta sauka tsakar gida, inda ƙaramar guduma ke dukan wani tsohon ƙarfen mota. Idan aka ja, har maƙwabta sai sun san na yi baƙo.

Sai aka yi mini aikin ƙaba. Likita ya ce kada in ɗaga abu mai nauyi sai ya ba ni izini. Da na dawo gida na duba ɗinkin da ya yi mini a madubi, na ce wa uwar yara da keke ne ya yi wannan, da tuni na kwance shi. Ta ce in rufe cikina in rufe bakina.

Ban gama miƙewa ba sai ga 'yata ta fari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta. A wani gari take, tana aiki a kantin magani. Ta zo da mijinta, shi kuma rungume da kwali. A ofis yake aiki, amma tun ranar da ya gyara mana rimot yara suka sa masa Injiniya, shi kuma bai taɓa musawa ba. Suka ce abin da ke cikin kwalin ƙararrawa ce mai kyamara. Baƙo ya danna, a gan shi a waya, a yi masa magana, ba sai na riƙa tashi ina zuwa ƙofa don kowane mai tallar guga ba.

Na ce ina da ƙararrawa. Uwar yara ta ce abin da nake da shi sunansa tashin hankali, shekara da shekaru yana tsinka mata barcin rana duk ranar da take gida.

Aka fito mini da kujera bakin ƙofa don in sa ido. Injiniya ya riƙe injin huda bango kamar an ba shi jaririn wani. Ramin farko ya karkace, na biyu ya faɗa cikin siminti mai ƙarfi, bakin injin ya karye. Na gaya masa tsakanin bulo da bulo ake bi, ya ce takardar cikin kwalin ba ta faɗi haka ba. Na tambaye shi ko takardar ce ta gina gidan. Daga ƙarshe na miƙe na karɓe injin na sauya masa baki, uwar yara na faɗa, Uwata na faɗa, na huda ramuka biyu a miƙe, na sa roba, na ɗaure noti. Abin ya zauna daram, ɗan baƙin akwati bai kai tafin hannuna ba, da ido ɗaya a goshi. Da hannuna na kafa shi, wannan ne ke ƙara ƙona mini rai in na tuna.

Injiniya ya leƙa wayarsa ya ce igiyata tana reto a gaban kyamara. Kafin in buɗe baki uwar yara ta shiga shagona ta ɗauko almakashina, ta datse ta tana murmushi.

Saura haɗa shi da waya. Tawa mai maɓalli ce, ba ta ɗauka. Uwata ta ciro wata sabuwa daga jaka ta ce tawa ce. Na ce ta mayar, yatsuna na maiko ne, ba na shafa gilashi. Sai aka haɗa da tata wayar. Ni kuma aka soka mini wani ɗan akwati a soket ɗin shago, wanda in an danna daga waje sai ya yi kuka kamar tsuntsu mai mura. Na ce to, in dai yana kuka, ya isa.

Kwanakin farko ya yi kukan. Wata tela mai ɗinkin kayan yara ta kawo kekenta, na buɗe, na karɓi kan keken daga hannunta na shiga da shi. Mace ta ɗauko shi tun daga bakin titi, zan tsaya ina kallonta? Ban ko ajiye ba wayata ta ɗau ruri. Uwata ce, wai ta gan ni. Ta karanto mini duk abin da likita ya ce da wanda bai ce ba. Na gaya mata tun ba ta san hanyar bakinta ba nake ɗaga ƙarfe, kuma da ƙarfen nan aka biya makarantar da ta koyi yi mini faɗa. Na kashe waya.

Daga ranar tsuntsu ya yi shiru.

Na gama kekunan da ke layi, masu su ba su zo ɗauka ba. Na goge su, na sa musu mai, na sake gogewa. Uwar yara tana aikin shara a makarantar yara, ta fita da safe sai yamma, ni kaɗai a gida kamar tsohuwar kyanwa. Na kwance wani keke da ba abin da ya same shi, na sake ɗaurawa, don kawai hannuna kada ya mance. Kowane motsi a titi sai in kasa kunne. In na yi ƙorafi da yamma sai uwar yara ta ce kasuwa ce haka, in gode wa Allah na samu hutu, tana faɗa tana kallon tukunya. Makonni suka wuce. Na fara cewa a raina shi ke nan, teloli sun ji an yanka ni sun ɗauka na ƙare. Mutanen da na gyara wa kekuna tun suna koyon sa maɓalli.

Ranar da abin ya ishe ni na sa takalmi na taka har layin teloli. Shagon Gajere na fara shiga. Tare muka taso, kekensa kuma ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ni. Tun daga ƙofa na ji ƙararsa, ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana sara itace. Na ɗaga murfin, sai ga wayar wuta an naɗe ta inda noti ya kamata ya zauna. Aikin wani mai gyaran janareto ne da ya koma taɓa keke a bakin kasuwa.

Ban gaishe shi ba. A gaban masu jiran ɗinki na ce masa butulu, na ce ya kai kekensa, tsohon abokin aikinsa, wurin mahauci tun ban mutu ba. Gajere ya cire gilashinsa a hankali, ya bar ni na gama.

"Ka gama, Sarkin Noti?" in ji shi. "Sau nawa na zo ƙofarka da wannan keken a kai? Ƙofarka ce ta sallame ni. Da ladabi kuwa, har da tambayar iyali."

Na ce ƙofa ba ta magana. Ya ce tawa tana yi, kuma muryar mace gare ta. Sauran teloli suka leƙo, kowa ya ce shi ma haka. Wani ya ce har addu'a ya yi mini, don yadda aka yi masa bayani ya ɗauka ina gargara.

Na ce Gajere ya kwance kan keken ya biyo ni. Ya ce yana da ɗinki. Na ce da wannan ƙarar ba ɗinki yake yi ba, huda yadin mutane yake yi. Ya naɗe shi a buhu ya ɗora a kafaɗa, muka taho. Da muka kusa gida na manne da bango, gefen da idon ba ya kaiwa, na yi masa nuni ya danna.

Ya danna. Daga cikin shago ko ƙis, ga tagar a buɗe kusa da kunnena. Can sai akwatin ya yi ƙara, murya ta fito, mai sanyi, irin wadda Uwata take yi wa masu sayen magani.

"Sannu da zuwa, Kawu. Ai na gaya maka, Baba ya ajiye aiki. Jikin ba daɗi. Ka yi haƙuri ka kai wani wuri."

Ya ajiye aiki. Ba ta ce yana hutawa ba, ba ta ce a dawo wata mai zuwa ba.

Ban san lokacin da na fizge buhun daga kafaɗar Gajere ba. Na tsaya gaban idon, na ɗaga kan keken har saitin fuskata.

"Kalle ni da kyau, Uwata. Wa ya ajiye aiki?"

Sai na ji wani abu ya faɗi a can wajenta, kamar kwalba.

"Baba, don Allah ka ajiye. Ka ajiye shi ƙasa."

"Ke kika ɗauke ni aikin da za ki sallame ni?"

Na ci gaba. Na ce ƙofar nan ni na biya mai walda ya yi ta, ni na huda bangon, ban san kabarina nake haƙa da injin mijinta ba. Ta fara kuka, ta ce likita ya gaya mata in ɗinkin ya buɗe sai an sake yanka ni, kuma ta san ba na jin magana, shi ya sa ta kashe kukan akwatin ciki daga wayarta. Ta ce gara in yi fushi da ita ina raye. Na ce wannan zaman da na yi ina goge keken da ba mai shi, shi take kira raye?

Ana cikin haka wani abu ya soke ni a ƙasan cibiya kamar an zura allura mai zafi. Keken ya fara sulɓe mini. Ban so ta gani ba, amma idon yana nan a kaina. Gajere ya tallabe keken daga ƙasa ya karɓe, yana zagina ƙasa-ƙasa. Na jingina da ƙofa har zufar ta tsaya. Ɗinkin bai buɗe ba, na duba daga baya. Amma na ji jiki, ba zan yi ƙarya ba.

Da uwar yara ta dawo ban tambaye ta ko ta sani ba, fuskarta ta riga ta amsa. Na ce ta kira 'yarta ta ce ina son ganin duk wanda aka kora, tunda abin yana ajiye hoto. Aka turo su wayar uwar yara, ta riƙe mini ina kallo. Ga mai kayan yara ta zo ɗaukar kekenta, an ce ta jira a aiko mata. Ga mai ɗinkin labule. Ga wani dattijo da ke zuwa daga bayan gari, ya sauke kekensa yana haki, yana shafa bango yana neman igiya, har muryar ta firgita shi ya ja da baya. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya sake ɗora kayansa. Na ce ta kashe haka nan. Abincin ranar ban ci ba.

Uwar yara ta ɗauka guduma zan ɗauko in farfasa abin. Na yi tunanin haka. Amma ramukan nan biyu a miƙe suke, ba zan ɓata aikina ba.

Washegari na sa Gajere da wani tela suka fito mini da teburina mai feda waje, suka ajiye shi a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin idon. Na jera gwangwanaye, na kafa laima. Wanda ya zo ba ya buƙatar danna komai, ga ni zaune. Mai keke shi zai ɗora kayansa a teburi, shi zai sauke. Wannan kaɗai na yarda da shi, kuma ba don ita ba, don abin da na ji a cibiyata.

Kafin azahar Injiniya ya kira wayar uwar yara, wadda ranar ba ta je aiki ba, wai abin yana aika saƙo duk lokacin da ya ga motsi, wayar Uwata ba ta daina ruri ba tun safe, har mai kantin ya yi mata magana. Na ce a gaya masa ta san yadda ake kashe abu daga nesa, ta kashe. Ba ta kashe ba.

Teloli sun fara dawowa, ba duka ba. Mai kayan yara ta aiko an ɗauki kekenta, ba ta sake kawowa ba. Dattijon bayan gari ban san gidansa ba, na bar saƙo a layin teloli ko wani zai gan shi.

Jiya ina daidaita kwarkwaron keken Gajere, wanda ke riƙe zaren ƙasa, akwatin ya yi ƙara a saman kaina.

"Baba, ina kwana. Ka sha maganin?"

Gajere ya dube ni, ya ce in amsa wa yarinya mana. Na ce ya matso da fitila. Ta sake kira, a hankali. Na miƙa hannu ba tare da na ɗaga kai ba, na ɗauko kwalbar maganin daga cikin gwangwanin noti, na ɗaga ta sama yadda idon zai ga ta ragu, na mayar. Sannan na ce wa Gajere ya taka feda in ji.