Tarin Suruki

…'yan zamani, kunnen ƙashi! A faɗa, a sake faɗa, su ce ai sun yi karatu. Karatun me? Ita Iya mai shara ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma shekara ashirin da shida tana goge ɗakin tiyata, ta san doka. Mai tari da zazzaɓi ba a shiga da shi sai an auna shi. In aikin zai jira, a ɗaga. In ba zai jira ba, kowa ya ɗaura takunkumi mai kauri, ya matse ƙarfen hanci, ya hura ya ji ko iska na fita ta gefe. Wannan har sai an je makaranta?

Ga ta a kan benci, bokiti tsakanin ƙafafu. Gilashi a gabanta. Bayan gilashin, Auta. 'Yarta ta cikinta, nas guda, bututu a hanci, ƙirji na hawa yana sauka kamar wadda aka koro…

Ke Auta. Ke!

Uban mijinta ne, an ji. Aikin ƙaba, wata uku yana jiran layi. Ranar ta zo, shi kuma ya zo da tari, jiki zafi rau. Takarda a hannun Auta. "'Yata, 'yar mura ce, kar ki sa su mayar da ni gida." Sai ta sunkuyar da kai ta rubuta babu. Babu tari, babu zazzaɓi. Kunyar suruki! Mutum shida a ɗakin nan, kowa da iyali…

Suka shiga da ɗan takunkumi shara-shara, tunda takarda ta ce babu. Iya na leƙe ta 'yar tagar ƙofa lokacin da aka zare wa surukin bututun maƙogwaro. Tarin nan — har yanzu yana cikin kunnenta. Mai sa barci ya duƙa dab da bakinsa. Bawan Allah, kullum da safe, "Iya, ya gwiwar? Ko dai mu yanke ta mu huta?" Aka wangale ƙofa nan take, ba a jira iska ta wanke ɗakin ba. Jiran me? Takarda ta ce babu.

Ita ma ta shiga ta goge. Tsohuwa, ƙafa ɗaya a kabari — me ya sa ciwon ya tsallake ta?

Huɗu suka kwanta. Mai sa barci, ranar Talata aka kai shi makwanci. Suruki kuwa yana gida, ɗinki ya kame, har gaisuwa ya aiko. Gaisuwa!

Ba a yi wa babba musu. Ba a ɗaga ido a kalli suruki. Wa ya koya mata? Wa ya riƙa murɗe mata kunne tun tana tatata, ranar da za a kai ta ɗaki ya ce kar ki kunyata ni a gidan mutane? To amma ai ba haka ake nufi ba… ba haka ba… Hankali fa? Shi ma sai an murɗa kunne?

Ga Auta da cikin wata bakwai. Jiya numfashi ya gagara, likitoci suka ce sai an ciro. A wannan ɗakin dai. Kowa a naɗe har ido, ƙofa a rufe gam. Yanzu aka tuna.

Namiji. Bai cika tafin hannu biyu ba. Ya kai la'asar, ya koma.

Iya ce ta yi masa wanka, da ɗan kofi. Ƙyallen ma sai da aka ninka shi biyu. Ba wanda ya faɗa wa Auta. An ce uwa ce za ta iya. Uwa…

Auta ta buɗe ido. Ta hango Iya. Tana haɗa hannuwa a ƙirji, allura na rawa a jijiya, tana jijjiga su a hankali, gira a ɗage — yana ina?

Iya ta dafa bango ta miƙe. Faɗan da ta tanada kwana tara, ko kalma ɗaya babu. Hannuwan nan kuma ba su daina jijjigawa ba…